Balen a gonar Baba

Ni da taubashina, ɗan ƙanwar Baba, buro ɗaya muke aiki, wato ofishin gandun daji a Gazawa. Ni ne mai shiga rana. Shi kuwa Faransanci ne a bakinsa kamar da shi aka yaye shi, don haka da aka nemi wanda za a tura wani taro a wata ƙasa ta bakin teku, shi aka ɗauka. Taron na balen ne, wata ƙatuwar dabbar teku da ƙasashe ke gardama a kan hana kashe ta. Mutumin da aka tura kuwa ko tabkin garinmu bai iya tsallakewa. Na raka shi tasha ina dariyar yaƙe.

Tafiyar ba ta ci mini rai kamar abin da ya biyo bayanta ba. Shekaru na yi ina roƙon Baba, duk lokacin sassabe, ya bar tohon gawo da kalgo su tashi a gonarsa ta Gangara. Sai ya ce itace gidan tsuntsu ne, tsuntsu kuma ɓarawon hatsi, ya ci gaba da sara. Manoman wasu garuruwa sun ji maganata, mahaifina bai ji ba, kuma tasa yardar nake so.

Da taubashin ya dawo, ya zo gaida kawunsa bayan la'asar. Maƙwabta suka cika ƙofar gida. Aka tambaye shi girman dabbar, ya rasa da me zai kwatanta, sai Baba ya sa aka ɗauko igiyar guga aka miƙe ta a ƙasa. Taubashin ya taka daga wannan kai zuwa wancan, ya ce da saura. Aka aro ta maƙwabta aka ƙulla. Ni aka ba bakin igiyar na riƙe, kamar turke.

Baba ya ce, “To wa ka yanka ta? Da wace wuƙa?”

“Ai Kawu, hana kashe ta aka so a yi. Ɗa guda take haihuwa, ta shayar da shi kamar saniya, ta daɗe ba ta sake ba. An yi ta kashewa har ta kusa ƙarewa.”

Baba ya bi igiyar da kallo. Can ya ce, “Ashe nono gare ta. Wanda ya cinye maruƙa ai ya cinye garke.” Kowa ya gyaɗa kai. Taubashin ya dube ni ya ɗaga gira. Da ba a gaban manya ba ne, da na sakar masa igiyar a wuya.

Bazara ta zo, na je taya sassabe. Na tarar da Baba a tsugune yana rage rassan wani tohon gawo, ya bar masu ƙarfi biyu, daidai yadda nake nuna wa mutane. Duk gonar haka take. Daɗi ya kama ni har na kasa gaishe shi da kyau. Na tsaya ina jiran ya ce wani abu a kaina.

Ya miƙe yana kaɗe hannu, ya ce, “Ɗan gwaggonka ya buɗe mini ido da zancen dabbar nan. Ƙarami ba a kashe shi. Kai da kake gandun daji, mi ya hana ka hwaɗa mini tun tuni?”