Muƙamuƙin Idwal da Tumaki Ɗari Uku

Kun taɓa ganin mutumin da ya shekara arba'in yana tsira wa tumaki allura amma da aka zo kansa ya fara neman ƙofa? To Idwal ke nan, tsohon makiyayin bayan ƙauyenmu a Wales. Tun yana ɗan shekara goma usur ɗin ƙarfe ke maƙale a haƙoransa, da shi yake juya karensa Mot a kan dutse, shi kuma Mot ba ya jin busar kowa sai tasa.

Bara muƙamuƙi ya ce ya gaji. Ya fara ƙas-ƙas, ya kumbura, cokali ma da ƙyar yake shiga balle busa. Ga tumaki ɗari uku can sama, saura wata guda dusar ƙanƙara ta sauko ta binne su. Matarsa Tegwen ta gwada busawa, Mot ya kalle ta ya kwanta abinsa.

Kun san ina ya nufa? Wajen likitar dabbobi! Wai ta yi masa irin allurar da ta yi wa dokin maƙwabcinsu a gwiwa.

"Ɗaga ƙafa in ga kofato," in ji ta. "Babu? To fice, je ka wajen na mutane."

A asibiti aka ɗauki hoto, ashe guringuntsin gaɓar ne ya cinye. Likita ya ce za su ɗebi jininsa a hannu, na'ura ta wulwula shi, su tsame ruwan saman su mayar masa ta gaban kunne. Bai ce lallai zai warke ba, ya ce dai wasu na samun sauƙi.

"Jinina kuma? Ni da na zo nema ni zan bayar?"

"Zauna tsoho," in ji Tegwen, "tunkiya ma ba ta wannan rakin."

Ya runtse ido aka yi. Sati uku yana shan kunu yana mita, Tegwen ta ɓoye usur a butar shayi don kada ya busa kafin ya samu sauƙi. Ranar da ta miƙa masa ya hau dutse, busar farko iska kawai ta fito. Ta biyu ƴar siririya, amma wallahi Mot ya ɗaga kunne ya falla da gudu! Kafin rana ta yi tsaka tumaki sun cika kwari.

Har yanzu ba ya iya gatsa tuffa, akwai wata allurar a gaba, ya ce zai je da ƙafarsa.

Don Allah ku tura wa duk wanda kuka san yana taunawa da gefe ɗaya yana ɓoyewa, ku tura yanzu!