Ranar da Harafi Ɗaya Ya Tsayar da Rabon Taki

Har yau ban manta da wata Talata ta farkon damina ba, a shekarun farko na jihar Kebbi. Ina ƙaramin ma'aikaci a wani ofishin aikin gona a Jega, kuma ni na rubuta manhajar da ke ɗaukar sunan manomi da yawan buhunan takin da zai samu.

Mai shigar da sunayen shi ne Malam Umaru, dattijon da ya tsufa a kan tafireta. A waje manoman Jandutsi da Mungadi sun cika inuwa, kowa na duban gabas, don hadari ya fara haɗuwa. Sai Malam Umaru ya kira ni.

"Malam Bello, taho ka gani. Ta ƙi tsayawa."

"Shigar da lamba" kawai ke zubowa a fuskar kwamfutar, layi bayan layi. Na danna nan, na danna can, na miƙe, na sake zama. Sunayen da aka shigar tun safe kuwa ba a adana su ba tukuna.

Shugaban sashenmu ya leƙo. "Mi ya hwaru? Mutane na jira."

"Ranka shi daɗe, sai an kashe ta. Aikin safe ya tafi."

Na tambayi Malam Umaru abin da ya buga. Ya ce goma. Da ya nuna mini, ashe ƙaramin harafin "l" ya danna a madadin ɗaya, domin tsohuwar tafiretarsa ba ta da lambar ɗaya. Duk abin da aka buga yakan jira a wata 'yar ma'ajiya kafin manhaja ta ɗauka. Manhajar tawa kuwa lamba kaɗai ta sani. Ta ga harafi ta ƙi shi, ta bar shi a wurin, ta sake tambaya, ta sake iske shi.

"Laihina ne?" in ji Malam Umaru, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"A'a, Baba. Nawa ne."

Nan take na gyara manhajar: ta riƙa share ma'ajiyar kafin ta sake tambaya, ta kuma karɓi "l" a matsayin ɗaya. Muka faro daga farko, ina karantowa yana bugawa. Mutanen Mungadi sun samu nasu, amma a cikin ruwa suka ɗora.

Tun ranar, ba na cewa na gama manhaja sai na zauna kusa da wanda zai yi aiki da ita, na kalli yatsunsa.