Tatsuniyar da Aka Yi wa Mai Gemu

Kakata ba ta taɓa kiran sunan mahaifina ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma a ƙauyenmu da ke kwarin Tarka matan zamaninta ba sa wasa da wannan kunya. Sunansa Isufu, amma a bakinta "wancan" ne. In tana son a gyara mata rumbu, sai ta dubi rumbun ta ce, "Wannan dai ya kusa faɗuwa, ko akwai maza a gidan nan, oho." Washegari sai ka ga Baba da igiya da kara. Mu yara dariya abin yake ba mu, mutum da gemunsa a ce uwarsa ba ta iya haɗa ido da shi.

Da mu jikoki kuwa bakinta ba ya hutawa. Lokacin ɗari, da an yi magariba an ci tuwo, sai ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, mu kewaye ta muna ture juna. Ni tana ce mini "ƙawata", ƙanena Sani kuma "angona", wai ita ba ta taɓa auren miji mai majina irinsa ba. Har yau in na ji warin hayaƙin karan gero, muryarta nake ji.

Akwai shekarar da kura ta matsa mana. Ta ɗauke akuya biyu, ta yage wa jakinmu cinya. Baba ya sauko da bindigar da ya gada wajen mahaifinsa, wanda maharbi ne, bindiga mai baki biyu. Harsasan da ke gidan duk na zabi ne, ƙananan dalma kamar tsabar dawa, waɗanda ba za su yi wa kura komai ba sai dai su ba ta haushi. Wani direba da ke bin hanyar Tanut ya ba shi dabara: ya kawo masa ƙwallon ƙarfe mai sheƙi daga ƙafar tsohuwar mota, ya ce a sa shi a madadin tsabar. Baba ya wuni yana goge ƙwallon nan a rigarsa, yana cewa gobe kura za ta yi bayani.

Kaka ta gani, ta kasa zaune ta kasa tsaye. Shekara da shekaru ita ke riƙe wa mijinta tsumma in yana wanke bindigar nan. Ta san bakin dama yana da ɗan faɗi, na hagu kuwa a matse yake daga ƙarshe. Ta kuma san ƙarfe ba ya lotsewa, in ya isa matsin ya ƙi wucewa, bindigar ce za ta tsage, a hannun mai harbi, kusa da idonsa. Ta aiki mahaifiyata ta faɗa masa. Baba ya yi dariya ya ce, "Ke da ko ƙarar bindiga kika ji sai kin shige ƙarƙashin gado?" Inna ta dawo da fushinta, saƙo ya mutu a hanya.

Da yamma ta yi, Kaka ba ta hura wuta a inda ta saba ba. Ta ce wai iska ta juya, ta ja mu can jikin zanan da ya raba tsakar gida da rumfar Baba, inda yake zaune yana shan shayi. Ba iskar da ta juya, mu dai muka bi ta.

"To, ga wata nan tafe, ku gyara kunne," in ji ta.

"Ta iso, muna ji!"

Ta ce an yi wasu tagwaye, Hasana da Usaina, ɗaki ɗaya, tabarma ɗaya, ba mai raba su. Hasana mai wangamemen baki, Usaina kuwa bakinta ɗan tsuku kamar na buta. Baiwarsu ita ce tofi: duk abin da aka sa musu a baki, sai su tofo shi da ƙarfi har ya kayar da zabo a sama. Nan Sani ya gwada nasa tofin, ya sauka a ƙafata, muka ɗan yi dambe kafin Kaka ta raba mu da mafici.

Wata rana uwar tagwayen za ta yi tafiya, ta bar su hannun wani mutum, ta ja masa kunne. Ta ce in tsaba ce, ba wa kowacce, Usaina ma ta fi kai ta nesa a dunƙule. In kuwa loma ɗaya ce babba, to ta zama mai laushi kamar dawon fura, kuma Hasana za a ba, ita ke miƙe ta sak inda aka nufa. Usaina ko ta samu mai laushin ta wuce, matse ta take yi, ba lalle ta tafi daidai ba. Abu mai tauri kuwa, kada ya kuskura ya kai shi bakin ko wacce. Kuma kafin ya fita da su daji, ya gwada su a jikin suri ya ga inda kowacce ke kaiwa.

"Sai mutumin nan ya tsinci wani dutse mai ƙyalli," in ji Kaka, muryarta na ƙara sama. "Ya goge, ya goge, ya goge a rigarsa. Ya ce wannan ai ya fi dawo. Ya danna wa Usaina. Ya tsaya mata a wuya! Ta yi, ta yi, ya ƙi fita. Sai ta yi wani tari, faaam! Wuya ya tsage, ya kwashe wa mutumin yatsu uku da ido ɗaya. Daga ranar ko mazagin wandonsa ba ya iya ɗaurewa, sai an kira yara su taya shi."

Muka fashe da dariya, Sani har da birgima. Ni da iyayin tsiya na ce, "Kaka, ai ba mai hankalin da zai ba mutum dutse."

Ta juya fuskarta wajen zana ta ce, "Akwai su, ƙawata. Wani ma da gemunsa." Sai kuma muryarta ta sauka. "Uwar tagwayen ba bindi... ba tagwayen ta yi wa kuka ba. Yatsun nan ta yi wa kuka, don ta san su tun suna ƙanana."

Sani ya ce ta yaya ta san su, ba baƙo ba ne? Kaka ta ce ya rufe mata baki, tatsuniya ta ƙare, kowa ya kwashi rabonsa. A bayan zana muka ji Baba ya yi gyaran murya, ya ajiye kofin shayi.

Washegari bai je ko'ina da bindiga ba. Ya jira ranar kasuwar Belbeji, ya nemi wani tsohon maharbi abokin mahaifinsa, ya dawo da harsasai na gaskiya masu dunƙulen dalma ɗaya, irin da aka yi don wannan aikin. Ya kai bindigar bayan gari, ya kore mu can nesa, ya gwada bakin dama a jikin suri har ya gane inda take kaiwa. Kurar kuwa, ban sani ba ko ƙarar ce ta ishe ta, ba ta sake leƙo mu ba. Baba ya yi shekaru yana cewa tsoronsa ta ji, Inna tana cewa surin dai ya kashe.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin abin dariya. Sai da na girma, na fara koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Tanut, na ga yadda magana ke wuyar shiga kunnen wanda ya riga ya yanke shawara, sannan na fara jinjina wa tsohuwar nan. Al'ada ta ɗaure mata baki, ɗanta zai nakasa kansa da safe, ba ta da komai a hannu sai wutar kara da jikoki masu surutu, ta kuma yi aikinta da su.

Bayan rasuwarta na je gida hutu, na tarar da Baba a rumfa yana tufka igiya, gemun ya yi fari fat. Na tambaye shi ko yana tuna tagwayen. Yatsunsa na ta murza kaba.

"Ai ku ɗin nan hanya ce kawai," in ji shi. "Tun da ta haife ni, ba ta taɓa yi mini magana mai tsawon wannan ba. Kuna can kuna dariya, ni ina nan ina roƙon Allah kada ta yi saurin gamawa."