Ɗan acaɓan Malam Habu

Shekara goma sha tara ke nan da rasuwar aminina Malam Habu safiyo, mai auna filaye. Ranar da na fi tunawa da shi wata Asabar ce bayan La'asar, a shekarar da soja suka miƙa mulki. Muna ƙofar gidansa a Gyaɗi-Gyaɗi, ni da shi da Ɗanladi direba, allon ces, darar Turawa, a tsakaninmu.

Ces ɗinmu ba irin na kowa ba ne. Malam Habu ya ƙara masa wani ɗa da ya raɗa wa suna ɗan acaɓa: yana tafiya miƙe, ya yi kwana ɗaya, ya ture duk abin da ya tarar a kwanar. Da idonsa ya mutu, sai ya koma riƙe allon a ka, ni ina faɗa masa motsin abokin karawarsa.

Ran nan na ce, "Acaɓa ya sauka gidan f3." Ashe hanya biyu ce ke kaiwa gidan. Malam ya ɗauka ta f1 aka bi, alhali Ɗanladi ta c3 ya bi, ya ture masa doki. Can sai Malam ya kira dokin da babu shi.

"Malam, dokinka ai tun ɗazu yana asibiti," in ji Ɗanladi.

Malam bai yi dariya ba. Ya ce a naɗe tabarma, wasa ya ƙare masa. Mun tsorata, domin ces ɗin kaɗai ya rage masa a cikin abin da yake yi a da.

Bayan mako guda ya aiko a kira mu. "Laifin faɗar ne," ya ce. "Suna, kwana, sauka. A na acaɓa, c3, f3. Kai Ɗanladi, ko a titi sai ka ba da sigina." Haka muka riƙa faɗa, haka muka riƙa rubutawa.

Yau babu acaɓa a titin Tarauni, sai adaidaita. Jikokinsa a waya suke buga ces, kuma wayar ba ta san ɗan nan nasa ba. Ina jin da yana raye, da ya tambaye su wa ya hana su koya mata.

Allon ya ɓata, Ɗanladi ma ya bi Malam. Ni dai har gobe ba na kwatanta wa mutum wuri sai na faɗi inda zai juya. Allah Ya jiƙansu. Malam bai sake naɗe tabarma ba sai a ciwon ajalinsa.