Akwatin Datti da Muryar Baballe

Datti mai gyaran rediyo na Bunkure mutum ne mai taurin kai, amma hannunsa akwai albarka. Rumfarsa a bakin kasuwa kullum ƙaurin dalma take yi. In ka kawo masa rediyo, sai ya fara yi maka faɗa a kan ƙazantarta kafin ya taɓa ta.

Shekarar da ruwan madatsar Tiga ya fara gudu a kanal, wato magudanar noman rani, gari ya watse zuwa gonakin alkama da tumatir. Sai magana ta taso: ba a jin kiran salla daga can. Baballe ladan ya tsufa, idonsa ya dushe, muryar ta zama siririya. Dattawa suka fara shawarar a sauke shi a sa mai jini a jika. Mutumin da ya tsufa a ladanci, a ce masa je ka huta! Abin ya ɓata wa Datti rai ƙwarai.

Ya shiga Kano, ya dawo da kwalin amfilifaya, na'urar ƙara sauti, irin wadda kai za ka harhaɗa da kanka: wayoyi, ƙwayayen gilashi kamar na fitila, da tarkace birjik. Ya duƙufa, yana liƙi yana mita. Da ya kunna, sai gurnani kamar na injin niƙa. Ya kwance, ya sake kayan ciki, ya raba wayoyin, har ta yi tsit. Ya jawo wuta daga janareton masu casar shinkafa, ya ɗaura lasifika a kan masallaci.

Ranar gwaji da azahar aka ji kunya. Irin wannan akwati sai ƙwayayen sun ɗauki zafi yake magana, shi kuwa Baballe ana kunnawa ya kama kira. Ko a ƙofar masallaci ba a ji ba, sai da ya kusa gamawa muryar ta ɓarke. Aka yi ta dariya.

"Baba, ka jira ƙwan ya yi ja," in ji Datti.

"Ɗan nan, da wane idon zan ga jan? Ka bar su su sauke ni."

Datti ya nufi akwatin. Ya cire murfin katakon, ya sa na kwano, ya kamo hannun tsohon ya ɗora a kai.

"In ka ji ɗumi, to ka fara."

Da la'asar Baballe ya tsaya, tafinsa a kan akwatin, yana jira. Can ya buɗe baki. Muryar nan tasa dai, da rawarta da komai, ta tsallake gari ta bi kanal.

Da ya gama, ya juyo a hankali. "Sun ji?"

Datti ya hau katanga ya leƙa. "Ga su can sun ajiye fartanya, Baba. Suna alwala a bakin ruwa."

Tsohon bai ɗauke hannunsa ba. Hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Kar ka kashe tukuna."