Ɗaki Mai Bango Uku

Tela ya tsufa a kan keken ɗinki da buri guda, ya ƙara ɗaki saboda jikokinsa. Magini ya ce bango uku sun isa, katangar da ta raba gidan Tela da na maƙwabciyarsa ita ce ta huɗu.

"Baba, katangar nan ta girme ni, ina za ta?" in ji magini yana dariya. Ya haƙa ramin harsashi a gindinta har ya wuce zurfin tushenta, ya tafi wani aikin.

Aka tafka ruwa, rami ya cika. Da safe maƙwabciyar, tsohuwa mai ciwon ƙafa, ta ɗaga murya daga ɗakinta.

"Tela, ƙasa na zubo mini a kai. Ɓera ne ko kai ne?"

Tela ya ruga ya duba, don gadonta a jikin katangar yake. Tsagar da jiya allura kawai ke shiga, yau ta haɗiye yatsansa.

"Inna, fito!"

"Sai na gama shafa man zafi."

Ya zaga ba takalmi, ya goyo ta tana masifa. Suna isa tsakar gida katangar ta fara nishi.