Baba Mai Kwalabe Ya Ajiye Aiki

Shekara ashirin da uku Baba Mai Kwalabe ya yi yana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a. Bai wuce firamare ba, amma in na'urar duba ƙwayoyin cuta ta yi gardama, Farfesa da kansa shi yake nema.

Duk dogon hutu akan kawo yara talatin daga makarantun da ko ɗakin gwaji babu, a yi musu mako shida na share fage kafin su shiga karatun kimiyya. Baba ke jera musu kaya, shi ke raba fararen riguna. Da murna yake yi, har shekarar da Autarsa ta cike takarda aka dawo mata da ita. Wai 'ya'yan ma'aikatan jami'a masu gata ne, shirin ba nasu ba ne. Gata! Mutumin da ko keken kansa ba shi da shi.

Tun daga nan hassada ta kama shi, kuma ya san ta kama shi. Akwai wata yarinya a tebur na huɗu, sa'ar Auta, ko riƙon kwalba ba ta iya ba. In ta ce, "Baba, don Allah duba min," sai ya zo yana jan ƙafa, ya gyara mata ba tare da ya dubi fuskarta ba.

A gida ba shi da zance sai nata. Ran nan matarsa ta gaji ta ce, "Malam, 'yar mutane me ta yi maka ne?"

"Ba ta yi min komai ba. Rigar jikinta ce. Ni na goge ta, kuma daidai Auta take."

Da shekara ta zagayo ya kai takardar ajiye aiki. Farfesa ya yi ta lallashi, Baba ya ce in ya jira ritaya, Auta ta wuce shekarun shiga. Auta ta sake cike takarda, 'yar wanda ba ma'aikaci ba, aka ɗauke ta.

Ranar farko ta dawo baki har kunne. "Baba, wanda aka sa a wurinka mutumin kirki ne wallahi! Ya tsaya a kaina har na iya saita na'urar."

Baba ya ce madalla, amma sai ya ture abincin da ke gabansa gefe. 'Ya'yan mutane nawa ya koya wa wannan saitin da hannunsa, tasa kuwa wani ne ya koya mata.